Agogona mai tsada yana gudun minti biyu da rabi a wata: an cuce ni ne?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji mazaunin Aboabo da ke da shago a Kejetia. Ya sayo agogon Suwizalan a Dubai, irin wanda ba ya cin batir, motsin hannu ne ke ba shi wani, kuma a fuskarsa an rubuta Chronometer. Ya saita shi da waya, bayan wata guda ya tarar ya wuce wayar da minti biyu da rabi, alhali Casio ɗin yaronsa ko gezau bai yi ba. Wani mai gyara a Adum ya ce a kawo ya buɗe ya daidaita. Alhaji yana son sanin ko jabu aka sayar masa, ko lalacewa ya yi, kuma ko ya yarda a buɗe.

Alhaji, barka da kasuwa. Kada ka bari a buɗe shi tukuna.

Minti biyu da rabi sakan 150 ke nan. Ka raba wa kwana 30, za ka samu sakan 5 a rana. Dare da rana gaba ɗaya sakan 86,400 ne, wato kuskuren agogon naka bai kai ɗaya cikin 17,000 ba. A wurinmu masu gyara, injin da ke tafiya haka lafiyarsa ƙalau. Sai dai ba zan rufe maganar a nan ba, don ya danganta da alƙawarin da masu ƙera shi suka ɗauka, ya kuma danganta da yadda sakan 150 ɗin suka taru, wanda shi ne abin da ba ka auna ba.

Rubutun da ke fuskar agogon ba ado ba ne. A Suwizalan akwai hukuma mai zaman kanta, COSC, da aka kafa a 1973, kuma yawancin agogunan ƙasar da ke ɗauke da wannan suna ta hannunta suka bi. Tana riƙe inji kwana 15, tana kwantar da shi ta fuskoki biyar, a yanayi uku: digiri 8, digiri 23 da digiri 38. Kafin ya ci jarrabawa, dole matsakaicin tafiyarsa ya tsaya tsakanin lattin sakan 4 da gudun sakan 6 a rana. Naka yana kan 5, yana ciki. Wanda ke gudun 6 ma, da zai tara minti uku cur a wata, takardarsa ɗaya da ta kowa. Abin da dillalai ba sa faɗa shi ne, injin kaɗai ake gwadawa, kafin a sa shi cikin gidansa. Bayan nan a koma da shi masana'anta, a ɗora masa fuska da hannuwa, a rufe, ya hau jirgi, ya kwana a gilashin kanti wata da watanni. Duk wannan yana iya ɗan motsa lissafin.

Shi ya sa wasu kamfanoni suka ƙara nasu sharaɗin a kai. Tun 2015 Rolex take gwada agogo bayan an rufe shi, tana alƙawarin ba zai wuce sakan 2 gaba ko baya ba, da garanti na shekara biyar. A shekarar dai Omega ta fara bi ta hannun METAS, hukumar awo ta gwamnatin Suwizalan, inda iyakar take daga sifili zuwa gudun sakan 5, ba a yarda da latti ko kaɗan ba. Patek Philippe ta fito da hatiminta a 2009 da iyakar lattin 3 zuwa gudun 2 ga manyan injunanta. Grand Seiko ta Japan tana gwajin kwana 17 ta fuskoki shida, lattin 3 zuwa gudun 5. Ba ka ambaci sunan naka ba. Idan sabon Rolex ne, sakan 5 ya fita daga alƙawarinsu, kana da haƙƙin su daidaita maka a ƙarƙashin garanti, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana ka miƙa shi ga wanda ba wakilinsu ba. Idan COSC ce kawai, ba wanda ya karya maka alƙawari.

Batun Casio kuwa, gara ka ji shi ba tare da an shafa masa zuma ba: yaronka ya fi ka sanin lokaci, kuma haka abin zai ci gaba. A cikin agogonka akwai ɗan wili da ke juyawa dama da hagu, da siririn sifirin mai kamar gashi da ke dawo da shi. A yawancin agogunan zamani yana bugawa sau 8 a sakan, 28,800 a awa, 691,200 a rana, kuma kowane bugu yana fama da nauyin kansa, da zafi, da girgizar hannunka, da man da ke tsufa. A cikin Casio, ɗan dutsen kwaz ne ke rawa sau 32,768 a sakan, ba ya gogar komai, ba ruwansa da yadda aka kwantar da shi. F-91W da ake sayarwa a tire a bakin titi, in na gaske ne, kamfaninsa ya ce ba zai wuce sakan 30 a wata ba. Tun ranar 25 ga Disamba 1969, da Seiko ta fitar da Astron, agogon hannu na kwaz na farko da aka sa a kasuwa, a Tokyo, aka gama wannan gasa, kuma kamfanonin Suwizalan da yawa sun rufe a shekarun da suka biyo baya. Kuɗin da ka biya na aikin hannu ne, da ƙarfe mai kyau, da suna, da abin da za a iya gyarawa ɗanka ya gada. Duk wanda ya ce maka tsada ce ke sayen daidaito, kayansa yake son sayarwa.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya. Sakan 150 suna iya taruwa ta hanya biyu. Agogo na iya yin 5 yau, 5 gobe, 4 jibi, 6 gata. Wani kuma ya yi gudun 20 yau, lattin 10 gobe, gudun 15 jibi, a ƙarshen wata jimillarsu ta zo ɗaya. Na farko lafiyayye ne da aka saita shi ɗan gaba kaɗan. Na biyu mara lafiya ne. Ladanin da kullum yake makara da minti biyu, unguwa ta san da shi, kowa ya gina a kai. Wanda ke rikita mutane shi ne mai yau da wuri gobe a makare. Har ma zan ce, agogon da ke gudun sakan 12 kullum ba fashi ya fi wanda matsakaicinsa sifili ne amma yana tangaɗi, don na farko aikin minti kaɗan ne a teburin gyara, na biyu sai an wargaza shi an nemo ciwon.

Matuƙan jiragen ruwa sun san wannan tun da daɗewa, don da agogo suke lissafa inda jirgi yake a teku. A ƙarshen 1761 aka ɗauki agogon da John Harrison na Ingila ya ƙera, wanda ake kira H4, zuwa Jamaika, ɗansa William yana riƙe da shi. Bayan kwana 81, kuskurensa sakan 5 ne kacal. Amma ba wai agogon ba ya kuskure ba ne. An riga an auna abin da yake ragewa kowace rana kafin a tashi, sai aka cire wannan daga lissafi, abin da ya saura shi ne sakan 5 ɗin. A teku, kusa da tsakiyar duniya inda muke, kuskuren minti ɗaya yana kauce da jirgi kusan kilomita 28, saboda haka ba su taɓa neman agogon da ba ya kuskure ba, wanda kuskurensa ba ya canzawa suke nema. Mu nan Ghana ma muna da ɗan gata a wannan fanni: layin Girinwich da ake auna lokacin duniya da shi ta Tema ya ratsa, lokacinmu GMT ne shekara gaba ɗaya, ba ma ja da agogo gaba ko baya kamar Turai. Wannan yana sauƙaƙa gwajin da zan ba ka.

Ka ba shi wani da hannu ya cika, juyi 30 zuwa 40 ya isa. Ka jawo kan wanin, wato ɗan abin murzawa da ke gefen agogon, har hannun sakan ya tsaya a kan 12, ka saita da lokacin intanet, misali shafin time.is, don agogon waya kansa yakan ɗan kauce in bai sabunta ba. Daga nan ka sa shi yadda ka saba, kada ka canza komai. Kowace safiya a lokaci ɗaya, a ce bayan asuba, ka ɗauki hoton fuskarsa kusa da wata wayar da ke nuna sakan, ka rubuta bambancin, ka kuma rubuta yadda ya kwana: a kwance, a tsaye ko a hannunka. Ka yi kwana goma ba tare da ka sake saita shi ba. Abin dubawa shi ne ƙarin da ake samu daga wannan safiya zuwa waccan. In bambancin tsakanin ranaku bai wuce sakan 2 ko 3 ba, ka kwantar da hankalinka. In yana tsalle da 10 ko 15, akwai magana.

Wannan takarda za ta nuna maka wani abu da zai yi maka amfani. Agogo irin naka ba ya tafiya iri ɗaya a kwance da a tsaye. In yana kwance, ƙarshen sandar wilin ne kawai ke kan ɗan dutsen da take juyawa a kai, gogayya kaɗan ce. In yana tsaye, sandar tana jingina da gefenta, gogayya ta ƙaru, juyin ya ragu, kuma duk wani ɗan rashin daidaiton nauyi a wilin sai ya bayyana. COSC da kanta ta yarda da bambanci tsakanin kwance da tsaye, daga lattin 6 zuwa gudun 8. A agoguna da yawa, kwanciya fuska sama tana sa su ɗan yi gudu, tsayuwa a gefe kuma, kan wani a sama ko a ƙasa, tana sa su ɗan yi latti. Ba doka ba ce, kowane agogo da halinsa, kuma a sabbin injuna bambancin ya ragu sosai. Amma in ka gwada dare uku a kowace fuska ka gano wadda take rage masa, za ka iya cinye sakan 2 ko 3 daga cikin 5 ɗin nan ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Saboda wannan matsalar ce maƙerin agogo Breguet ya ƙirƙiro tourbillon, wani ɗan keji da ke zagayawa da wilin ta kowace fuska, ya yi masa rajista a 1801, don agogon aljihu da ke wuni a tsaye. A agogon hannu, a ganina, yawancinsa nuna gwaninta ne da ƙarin kuɗi.

Sai kuma cikar wani. Babban sifirin da ke tura komai ba ya ba da ƙarfi ɗaya daga cikarsa zuwa ƙarewarsa. In ya kusa ƙarewa juyin wilin yana raguwa, tafiya ta fara canzawa, sau da yawa ta hanyar gudu. Tsofaffin injuna suna riƙe awa 38 zuwa 48, sabbi da yawa suna kai 70. Mutumin da ke wuni yana kai da kawowa a cikin kasuwa, agogonsa kullum a cike yake. Maigidan da ke zaune a bayan kanta yana lissafi, daga nan sai mota, sai gida, agogonsa yana iya shafe wata a rabin ƙarfi. Ga kuma cirewa sau biyar don alwala, wani lokaci a manta shi a aljihu har la'asar. In kai ne wannan, ka riƙa ƙara masa wani da hannu sau biyu a mako, ka ga ko lissafin zai daidaita.

Zafi ba shi ne babban abin tsoro ba yanzu, duk da abin da mutane ke faɗa game da ranar Accra da Kumasi. Tun da Charles Édouard Guillaume ya samo gaurayen ƙarfen da zafi ba ya taɓa su sosai, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1920, wannan matsala ta ragu. COSC ta yarda da sakan 0.6 a rana kan kowane digiri, kuma agogon da ke manne da fata zafinsa ba ya yawan sauyawa. Kada dai ka bar shi a gaban mota a rana.

Wanda na fi gani a teburina shi ne maganaɗisu, kuma Kejetia gidansa ne. Lasifika, amfilifaya, murfin kwamfutar hannu, maƙullin jaka mai mannewa, robar ƙofar firij, zoben da ke bayan iPhone tun daga 12, duk suna ɗauke da shi. Siririn gashin nan in ya kama maganaɗisu, zagayensa suna manne wa juna, tsawon da ke aiki ya gajarce, wilin ya riƙa sauri. Alamarsa ba ta ɓuya: agogon da jiya yake gudun 5, yau sai ya koma 40 ko 90, wani har mintuna a rana. Ƙa'idar duniya ta agogon da ake cewa ba ya jin maganaɗisu gaus 60 ce ko kusa da haka (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wanda ɗan maganaɗisun da ake liƙawa a firij ma yana iya kaiwa in an manna shi. Agogon Milgauss na Rolex a 1956 ya jure 1,000. Na METAS na yanzu suna jure 15,000, kuma masu gashin silikon kusan ba ruwansu da wannan ciwo. Naka, da gudun sakan 5, ba na zaton ya kamu sosai, amma gwajin kyauta ne. Ka ajiye kamfas a tebur, ka kawo agogon kusa da shi a hankali kana juya shi. In allurar ta riƙa binsa da ƙarfi tana kaɗawa, ya kamu. Maganinsa ƙaramin akwati ne na lantarki da kowane mai gyara na kirki yake da shi, aikin sakan kaɗan, kuma ba a buɗe agogo don yin sa. Wanda ya ce sai ya buɗe kafin ya cire maganaɗisu, ka karɓi kayanka ka yi masa sallama. Daga yau kuma, kada agogo da waya su kwana a kan juna a gefen gado.

Abin da yanayinmu yake ci shi ne mai da roba. Man da ke cikin inji ɗigo ne da ido ba ya gani sosai, yana bushewa da shekaru. Laimar damina da gumi suna neman hanyar shiga, ƙurar hunturu ma haka, kuma abin da ke tare su zoben roba ne a murfin baya, da gilashi, da kan wani. Kowace buɗewa dama ce gare su. Rolex tana cewa a kai sabis kusan bayan shekara goma, Omega tana cewa biyar zuwa takwas. A nan, ni nakan ce a duba robar da gwajin matsi duk bayan shekara biyu ko da injin bai buƙaci komai ba. In ka taɓa ganin hazo a cikin gilashi bayan ka fito daga ɗaki mai sanyi kuma bai ɓace nan take ba, kada ka jira gobe.

Game da mai gyaran Adum, ban san shi ba, kuma akwai ƙwararru a Kumasi da hannunsu ya fi na wasu masu manyan shaguna. Ga yadda za ka gane shi. Ka ce ya ɗora agogon a na'urar sauraren bugu kafin ya taɓa murfi, a gabanka. Na'urar tana nuna abu uku: gudu ko latti a rana, faɗin juyin wilin, da rashin daidaito tsakanin bugun dama da na hagu. A cike da wani, a kwance, juyin lafiyayyen inji yakan kasance digiri 270 zuwa 310, ko da yake wasu sabbi an ƙera su da ɗan ƙasa da haka. In ya faɗo kusa da 220, mai ya bushe ko datti ya taru, kuma daidaitawa ba za ta yi magani ba, sai wanki. Rashin daidaiton bugu ya kamata ya tsaya ƙasa da rabin milisakan. Ya juya shi ta duk fuskokin, ka ga lambobin da idonka. Sannan ka tambaye shi yadda zai daidaita. A injuna na gama-gari akwai ɗan hannu da ake turawa wajen alamar ƙari ko ragi. A Rolex da Omega na zamani da Patek babu shi. Ƙananan nauyaya ne a jikin wilin da ake juyawa da makulli na musamman, biyu-biyu masu kallon juna, daidai wa daida. Wanda ya shiga nan da hantsaki yana neman hannun da babu, gashin zai lanƙwasa, kuma kuɗin maye gurbinsa zai sa ka manta da minti biyu da rabi. Tambaya ta ƙarshe: yana da injin gwada ruwa bayan ya rufe? In babu, ba wurin buɗe irin wannan agogo ba ne.

Ko jabu ne? Tafiyarsa ba za ta gaya maka ba, ko ta wane ɓangare. Akwai jabun da ake daidaitawa su yi sakan 3 a rana, akwai na gaske da ya daɗe bai ga mai ba yana lattin rabin minti. Na'urar nan tana kama jabu masu araha, don za ta nuna bugu 21,600 a inda ya kamata a ga 28,800, amma masu tsadar cikinsu sun wuce nan. Abin da ke raba gardama shi ne katin garanti mai lambar da ta dace da ta jikin agogon, da rasit, da idon wakilin kamfanin. In dillalin naka bai ba ka kati ba, ka fara da kiransa.

In kwana goman nan sun nuna 4, 5, 5, 6, shawarata ka bar shi a rufe har lokacin sabis ya yi, a daidaita shi gaba ɗaya a lokacin. Kafin nan, ranar ɗaya ga wata ka saita shi sakan 75 baya da lokaci. Tsakiyar wata zai zo daidai, ƙarshen wata ya wuce da 75, ba zai taɓa nisa da gaskiya fiye da minti ɗaya da kwata ba. Watanni biyar a shekara ma dole ka jawo kan wanin don gyara kwanan wata, sai ka haɗa aikin biyu. In littafin agogon bai ce ba komai ba, kada ka canza kwanan tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin haƙoran da ke juya shi suna riƙe da shi. A watan azumi kuwa, buɗa-baki da sahur, ka bi ladan ko waya.